Darasi na 9: Zaɓen Ƙwallon Ƙafa ta Farko

Manufofin Darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran mai koyo zai iya:

1. faɗin lambar ƙwallon da ta dace da yaro da wadda ta dace da babba;
2. auna kewayen ƙwallo da tef ɗin tela, ya kuma kimanta nauyinta;
3. rarrabe ɗinkin hannu da ɗinkin keke da haɗin gam;
4. duba ƙwallo a shago kafin ya biya, da ba ta iska daidai ƙima;
5. lissafa abin da ƙwallo ke ci masa a wata.

Shimfiɗa

Duk wanda ya ratsa lungunan Kusugu a Daura bayan sallar la'asar ya san ba sai da ƙwallon kanti ake wasa ba. Tsumma ne ko tsofaffin ledoji za a dunƙule a ɗaure da zare, a ajiye duwatsu biyu a ce raga ce. In an ci gaba a samu 'yar roba mara nauyi, wadda iska ke ɗauka ta tsallake da ita katangar maƙwabta. Amma akwai ranar da yaro zai tsaya gaban mahaifinsa ko yayansa ya ce a saya musu "ta gaske". Ko kuma matasan layi su yi karo-karo su damƙa wa wani babba kuɗin, tunda shi ne mai shiga Katsina ko Kano. Wannan darasi na wanda aka damƙa wa kuɗin ne, ko da shi kansa bai taɓa taka leda ba.

Yawancin masu sayen farko ido suke bi. Wadda ta fi ƙyalli, ko wadda suka ga irin zanenta a gidan kallo, ita ake ɗauka. Mu tambaya uku za mu bi: wa zai buga ta, a wane fili, kuma wata nawa za ta yi kafin ta mutu.

1. Wa zai buga ta?

Ƙwallon ƙafa lamba-lamba ce. Ana buga lambar a jikinta, yawanci kusa da bakin da ake ba ta iska. Uku ne suka shafe mu.

Lamba 5 ta manya ce. Hukumar IFAB, wadda ke kula da dokokin wasan tun 1886, ta ce kewayenta kada ya gaza santimita 68, kada kuma ya wuce 70, nauyinta ya tsaya tsakanin gram 410 da 450 a lokacin da za a take wasa. Da irinta Katsina United ke wasa a filin Muhammadu Dikko, da irinta ake buga gasar cin kofin duniya. Daga shekara 13 zuwa sama ita ake ba mutum.

Lamba 4 kewayenta santimita 63.5 zuwa 66, nauyinta gram 350 zuwa 390. Ta 'yan shekara 8 zuwa 12 ce. Lamba 3 kuwa ta ƙanana ce waɗanda ba su kai 8 ba. Kewayenta wajen santimita 60, nauyinta ya ɗan haura gram 300. Ƙasashe sukan ɗan saɓa a kan shekarun, wasu su ƙara ɗaya wasu su rage, amma tsarin ke nan.

Mun saba ɗinka wa yaro rigar sallah da ɗan yalwa don ya girma a cikinta. A riga dabara ce, a ƙwallo cuta ce. Ɗan shekara 7 ba shi da ƙarfin da zai ɗaga lamba 5 da gefen ƙafa, don haka sai ya koma dukanta da tsinin yatsa, saboda ta nan kaɗai take tafiya. In ya saba da haka, mai horarwa zai sha wuya kafin ya raba shi da ɗabi'ar. Ga shi yawancin yaranmu ba takalmi suke wasa, babban yatsa ne ke shan wahala: farce ya ɗaye, ko a yi targaɗe. Sai batun kai. A 2015 hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai, a 2020 kuma ta Ingila ta ce kada a koya wa 'yan firamare hakan a wajen atisaye. To in masu ƙwallo daidai girman yaro suna wannan taka-tsantsan, ina ga wanda ya ba ɗan ƙaramin yaro ta manya?

AKWATIN KALMOMI
Kewaye: tsawon da tef zai nuna in ya zagaye ƙwallo ta tsakiyarta ya dawo inda ya fara.
Lamba: alamar girman ƙwallo, 3 ko 4 ko 5.
Gram: ma'aunin nauyi. Gram 1,000 shi ne kilo ɗaya.

Misali na 1. Wata uwa a Kusugu ta ɗauki adashe, ta ware wani abu ta aiki ƙaninta ya sayo wa ɗanta mai shekara 9 ƙwallo. Ya kawo, sai aka tarar ba lamba a jikinta. Ta ɗauko tef ɗin ɗinkinta ta zagaya ta da shi, ya nuna 69. Tunda 69 yana tsakanin 68 da 70, lamba 5 ce, ta yi wa yaron girma. Abin da ya dace a mayar a canzo wadda tef zai nuna 64 ko 65 ko 66. Wanda ba shi da tef sai ya zagaya ta da zare, ya yi alama, ya shimfiɗa zaren a kan rular 'yan makaranta.

Nauyi fa, in babu sikeli? Ledar fiya wata mai rubutun 50cl nauyinta wajen gram 500 ne. Ɗauki ledar a hannu ɗaya, ƙwallon a ɗaya hannun. Lamba 5 ta gaske za ta ɗan gaza ledar kaɗan. In kun ji ta sakayau, kusan rabin ledar, wataƙila ƙwallon raga aka ba ku, wadda ake bugawa da hannu. Ita gram 260 zuwa 280 take, kuma ba ta jure shuri. Akwai kuma wata mai ruɗin sabon shiga, ta wasan futsal da ake yi a kan siminti ko katako. Girmanta kusan na lamba 4, amma nauyinta gram 400 zuwa 440, kuma da gangan aka yi ta ba ta tsalle sosai. A yashi ba ta da daɗin bugu.

Ƙafa tana sabawa da ƙwallon da take bugawa kullum. A wasan ƙarshe na gasar kofin duniya ta farko, ranar 30 ga Yuli 1930 a birnin Montevideo, Ajantina da Yurugai sun yi gardama a kan ƙwallon wa za a buga, kowa ya kafe sai tasa. Aka raba musu. Kafin hutun rabin lokaci aka buga ta Ajantina, suka tafi hutu suna gaba da ci 2 da 1. Da aka dawo aka ɗauko ta Yurugai, aka tashi 4 da 2, Yurugai ta ɗauki kofi. Ba za a ce ƙwallon kaɗai ta yi wannan aiki ba, amma gardamar ta nuna 'yan wasa sun san abin da sabo ke yi. Matasan da suke atisaye da 'yar roba, ranar gasar unguwanni alƙalin wasa ya ajiye musu lamba 5 mai cikakken nauyi, a minti goman farko za su ji a jikinsu.

2. Abin da ke cikin ƙwallo

Ƙwallo hawa uku ce: fata a waje, shafi a tsakiya, blada a ciki.

Muna dai cewa fata, amma ba ta dabba ba ce yanzu. A da ta saniya ce, tana shan ruwa ta yi nauyi in an yi ruwan sama. Gasar kofin duniya ta 1986 a Meziko ce ta farko da aka buga da ƙwallon da babu fatar dabba a jikinta, mai suna Azteca. Yau za ku ga an rubuta PVC ko PU ko TPU a jikin ƙwallo ko a ledar da ta zo ciki. PVC ta fi araha, tana da tauri da ƙyalli, tana zafi a ƙafar da ba takalmi, kuma in ta sha rana ta sha hunturu sai ta fara tsagewa. PU ta fi laushi da daɗin bugu, ta kuma fi tsada. TPU tana tsakani, an fi ganinta a ƙwallon ɗinkin keke.

Shafi shi ne yadin da aka manna a bayan fatar. Shi ke riƙe ƙwallo kada ta buɗe ta zama ƙwai. Masu araha hawa ɗaya ko biyu suke da shi, masu kyau har hawa huɗu. Ido ba ya ganinsa, amma in an sace wa ƙwallon iska aka matsa fatar tsakanin yatsu biyu, ana jin kaurinsa.

Blada iri biyu aka fi sani. Ta butil tana riƙe iska mako da makonni. Ta lateks ta fi taushi a ƙafa, ƙwararru suna sonta, amma iska na silalewa daga jikinta ko ba ta huje ba, sai an riƙa ƙara mata bayan kwana biyu ko uku. Ga ƙungiyar unguwa da famfonta ɗaya ne, shi ma aro, butil ta fi.

AKWATIN KALMOMI
Blada: jakar roba ta ciki mai riƙe iska.
Bawul: ɗan bakin roba da ake sa allura a ba ƙwallo iska.
Shafi: yadin da ke tsakanin fata da blada.
Falle: kowane yanki na fatar da aka harhaɗa aka yi ƙwallo.

3. Yadda aka haɗa ta

Nan ne kuɗinku zai tsira ko ya salwanta, don haka a natsu.

Ƙwallon da kowa ke zanawa, mai baƙi da fari, falle 32 gare ta: 12 masu kusurwa biyar, 20 masu kusurwa shida. Kamfanin Adidas ya shahara da ita a gasar kofin duniya ta 1970, da sunan Telstar, kuma an yi mata baƙi da fari ne don ta fito sosai a talabijin na lokacin da ba shi da kala. Har gobe yawancin ƙwallayen ɗinki a kan wannan tsari suke. Hanyoyin haɗa fallayen uku ne.

Ɗinkin hannu. Mutum ne ke zama da allura biyu da zare mai kauri da aka shafa wa kakin zuma ko makamancinsa, ya ɗinke ƙwallon a juye, ciki a waje, yana jan kowane ɗinki da ƙarfi. In ya kusa gamawa sai ya juyo ta, ya rufe bakin ƙarshe ta waje da dabara. Gwani 'yan ƙalilan yake iya gamawa a yini. Garin Sialkot na Pakistan shi ne cibiyar wannan sana'a a duniya, shi ya sa za ku yawaita ganin sunan ƙasar a jikin ƙwallo. Alamar ɗinkin hannu ita ce layin da ke tsakanin fallaye yana da zurfi, zaren ya nutse can ciki, ƙasa ba ta taɓa shi. In kun buɗa layin da babban yatsa za ku hango zare mai kauri, tazararsa ba ta zama daidai cif ba.

Ɗinkin keke. Layinsa ba zurfi, zaren siriri ne, an jera shi daidai wa daida, wani lokaci ma ana ganinsa ba sai an buɗa ba. Da yake yana kusa da waje, tsakuwa na cin sa. Wuri ɗaya ya tsinke, sai ya yi ta warwarewa, blada ta leƙo. Ga yaro ɗaya mai wasa a tsakar gida ba laifi. Ga ƙarti ashirin kullum yamma, ba ta kai labari.

Haɗin gam. Babu zare ko kaɗan, da zafi da gam ake manne fallayen a inji. Irinta ake bugawa a manyan gasanni tun wajen 2004. Ba ta shan ruwa, zagayenta cif, tana tafiya sumul a kan ciyawa. Ita ce mafi tsada. Ko ita ba kullum ake yabonta ba: Jabulani, wadda aka buga a gasar 2010 a Afirka ta Kudu, falle 8 kacal gare ta, kuma masu tsaron gida sun yi ta kuka da ita cewa tana canza hanya a sama ba zato.

Babban bambancin da ya shafe mu shi ne gyara. In ƙaya ta huda ƙwallon ɗinki, baduku ko mai gyaran takalmi zai farke layi ɗaya, ya zaro blada, a yi mata faci ko a sa sabuwa, ya mayar ya ɗinke. Ta gam ba ta da layin da za a farke. In an yanka ta an ɗinke, ba ta komawa yadda take.

4. A wane fili?

Ku je ku dubi filin da za a buga ta kafin ku je kasuwa. A Daura da kewayenta, daga Mai'aduwa da Zango har Sandamu da Baure, yawancin filayen da yara ke wasa ko dai yashi ne, ko fako mai tauri, ko burji. Filin makaranta ne, ko fegin da ba a gina ba, ko gona bayan an kawar da amfani. Yashi ba ya cutar ƙwallo sosai, sai dai ya goge mata ƙyalli. Burji da siminti da bakin kwalta su ke cinye fata da zare. Babban abokin gaba kuwa ƙaya ce: ta aduwa, ta bagaruwa, da tsidau mai kwanciya a ƙasa ba a ganinsa sai an taka. Ƙayar aduwa ba ta tambayar farashin ƙwallo kafin ta shige ta.

Abin da ake yabon ƙwallon gam da shi, wato ƙin shan ruwa, an yi shi ne don ƙasashen da ake wasa cikin ruwa da jiƙaƙƙiyar ciyawa kusan duk shekara. Mu daminarmu gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma in ruwa ya sauka yashi ya shanye shi nan da nan. Wanda ya saya wa filin unguwa ƙwallon gam ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba, ya kuma rasa damar gyara.

Don haka shawarar wannan littafi ga mai sayen farko ita ce: ƙwallon atisaye ta ɗinkin hannu, mai kaurin shafi, mai bladar butil, a lambar da ta dace da mai buga ta. Ba ita ce mafi kyau a duniya ba. Ita ce ta fi dacewa da filinmu.

5. A gaban mai shago

Kada ku sayi ƙwallo a lanƙwashe cikin leda ku kama hanya. A ba ta iska a gabanku, sannan ku yi mata wannan duba.

Ku auna kewayenta ta fuska uku daban-daban. In nan ya nuna 68 can ya nuna 71, ba ta zagaye ba. Ku cilla ta sama tana juyawa ku kalle ta: mai kyau ba ta rawa. Ku gangara ta a kan daɓen siminti ku ga ko za ta tafi miƙe. Ku ɗaga ta daidai saman kanku ku sake ta. Ya kamata ta dawo tsakanin ƙugu da ƙirji. Masu gwaji na FIFA daga tsayin mita 2 suke sakinta a kan farantin ƙarfe, su ga ta dawo wajen mita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi. Daga ƙarshe ku ɗiga yawu a bakin bawul, yadda mai faci ke yi wa taya. In ya yi kumfa, tana sace iska, ku ajiye ta.

Tun 1996 FIFA ke gwada ƙwallaye tana ba su tambari. Yanzu matakai uku ne: FIFA Basic, da FIFA Quality, da FIFA Quality Pro. Tambarin na gaske yana da amfani. Sai dai jabu ta yi yawa a kasuwanni, kuma buga rubutu a jikin roba ba ya yi wa mai jabu wuya. In an ce muku ga mai tambarin Quality Pro a kuɗin da bai wuce na mai ɗinkin keke ba, ku yarda da yatsunku da tef ɗinku, ku bar rubutun.

Misali na 2. Wani magidanci ya shiga shagon kayan wasanni da kuɗin matasan layinsu.

"Salamu alaikum. Sannu da kasuwa, samari."

"Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Baba. Me za a kawo?"

"Ƙwallo nake so, lamba 5."

"Ga wannan, Baba, irin wadda ake bugawa a Turai ce. Dubi, ko zare babu."

"Allah ya sa albarka, amma filinmu burji ne, ga aduwa a bayan raga. Miƙo mini waccan mai ɗinki. Ɗan sace mata iska in ji kaurinta."

"Ashe Baba ɗan hannu ne."

"Bladar wace iri ce?"

"Butil ce, ga shi a rubuce."

"To mayar mata da iska. Zan biya, amma da sharaɗi: in ta kai kwana uku ba a buga ta ba na tarar ta saki, zan dawo maka da ita."

"Na yarda, Baba. In rubuta maka rasit?"

"Rubuta, ka sa har da famfo da allura biyu."

Ku lura da abu biyu. Ya faɗi irin filinsu tun kafin a shiga ciniki. Kwana ukun da ya sa kuma ba da ka ya faɗa ba. Awa 72 ake ajiye ƙwallo a gwajin FIFA a ga yawan iskar da ta rasa.

6. Iska

Ƙwallaye da yawa ba ƙaya ke kashe su ba, iska ce. A gefen bawul za ku ga an rubuta adadin da take ɗauka, da kalmar BAR ko PSI. Doka ta yarda da PSI 8.5 zuwa 15.6, amma ƙwallayen atisaye da yawa an rubuta musu abin da bai kai wannan na sama ba, kuma abin da aka rubuta a jikinta shi za a bi. Tayar ƙaramar mota PSI 30 zuwa 35 take sha. Ke nan injin mai faci an yi shi ne don abin da ya ninka ƙwallo sau biyu ko uku. Daƙiƙa kaɗan ya wuce, ɗinki ya buɗe, ƙwallon ta yi ƙusumbi, kuma ba ta komawa. Famfon hannu ya fi. In dole sai wajen mai faci, a sa kaɗan-kaɗan ana dubawa da geji.

A jiƙa allura kafin a soka ta, a kuma shigar da ita a miƙe. Busasshiyar allura tana yaga bawul, ko ta tura shi ciki.

In babu geji, ku danna ƙwallon da manyan yatsu biyu. Ta ɗan lotsa kaɗan ta dawo. In ta ƙi motsi sam, iskar ta yi yawa. Ku tuna kuma iska na kumbura in ta ji zafi: ƙwallon da aka cika tam da sanyin safiya, aka bar ta a rana ko a but ɗin mota da tsakar bazara, kafin la'asar ta wuce ƙima.

AKWATIN KALMOMI
Geji: na'urar auna ƙarfin iska a taya ko ƙwallo.
PSI da BAR: ma'aunai biyu na ƙarfin iska. BAR 1 ya kai wajen PSI 14.5.

Sauran kula ba ta da yawa. Kada a zauna a kanta. Kada a yi ta dukan bango mai kaushi da ita. A bi fili a tsince ƙaya kafin a fara wasa, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma in an gama, a ajiye ta a inuwa. In ta karo-karo ce a rubuta sunan ƙungiya a jikinta, a kuma tsayar da wanda zai riƙa ajiye ta, don kowa ya san mai ƙwallo ba ya zaman benci, kuma ranar da ya yi fushi wasa ya tashi.

7. Lissafin kuɗi

Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Gaskiya ne, amma nagari ba shi ne mafi tsada ba. Hanyar ganewa ita ce a raba kuɗin ƙwallo da yawan watannin da za ta yi.

Misali na 3. Kuɗin da ke nan na koyon lissafi ne, farashin kasuwa yana canzawa. A ce ƙwallo uku ne a shago, kuma a filin burji za a buga su kullum.

Ta farko ɗinkin keke, naira 6,000, ta yi wata 2 ta farke. 6,000 ÷ 2 = 3,000 a wata.
Ta biyu ɗinkin hannu, naira 18,000. A wata na shida ƙaya ta huda ta, aka gyara a kan 2,000, ta kai wata 10. 18,000 + 2,000 = 20,000. 20,000 ÷ 10 = 2,000 a wata.
Ta uku haɗin gam, naira 60,000, ta huje a wata na 5, ba gyara. 60,000 ÷ 5 = 12,000 a wata.

Ta biyu ta ninka ta farko sau uku a wajen biya, amma ita ta fi sauƙi a wata. In matasa 15 ne za su haɗa kuɗinta da na famfo mai naira 3,000, jimla 21,000 ke nan, kowa zai ba da 1,400.

Wannan lissafi yana iya juyawa. Ɗan shekara 7 da zai yi wasa a tsakar gida shi da ƙaninsa, kuma baɗi zai koma lamba 4, mai ɗinkin keke ta ishe shi, don zai girme ta kafin ya kashe ta. Haka ƙwallon gwanjo: in ɗinkin hannu ce, fatarta ba ta tsage ba, kuma ta ci gwajin yawu da na tef, sau da yawa ta fi sabuwar jabu.

Tambayoyin Bita

1. Wace lamba za ka saya wa ɗan shekara 6, da ɗan shekara 11, da ɗan shekara 17?
2. Tef ya nuna kewayen ƙwallo santimita 65. Lamba nawa ce?
3. Kawo illa biyu da ke tattare da ba ƙaramin yaro ƙwallon manya.
4. Faɗi hawa uku na ƙwallo da aikin kowanne.
5. Ta yaya za ka gane ɗinkin hannu daga ɗinkin keke da ido da yatsa?
6. Me ya sa ƙwallon gam ba ta dace da filin da ke da ƙaya ba?
7. An rubuta PSI 9 zuwa 11 a jikin ƙwallo. Mai faci ya ce ya sa mata 20. Me zai iya faruwa, kuma me za ka yi?
8. Ƙwallo ta naira 9,000 ta yi wata 3. Wata ta naira 22,000 ta yi wata 11. Wacce ta fi sauƙi a wata, kuma da nawa?
9. Matasa 12 suna son ƙwallo ta naira 20,000 da famfo na naira 4,000. Nawa kowa zai bayar?
10. Aikin gida: je filin da yaran unguwarku ke wasa, ka rubuta jimla biyar a kan irin ƙasarsa da itatuwan da ke kewaye da shi, sannan ka faɗi irin ƙwallon da za ka saya masa da dalilinka.